Maganin sankarar furostet a jikin kare ta hanyar haske

Tambaya: Likitan dabbobi ya ce karena yana da sankarar furostet, gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsara. Shin maganin haske yana warkar da ita?

Amsa ta farko: Malam, ana yi wa karen allurar sinadarin da haske ke motsawa, sannan a zura siririyar wayar leza (wani irin haske mai ƙarfi) cikin gaɓar a haska ta, sai sinadarin ya fitar da iskar oksijin mai guba wadda ke kashe ƙwayoyin sankarar tare da toshe hanyoyin jininsu.

Amsa ta biyu: Matsalar ita ce hasken ba ya ratsa nama da nisa, kuma a karnuka cutar takan riga ta bazu zuwa huhu ko ƙashi kafin a gano ta. Ni dai a fara ɗaukar hoton ƙirjin karen tukuna don a ga ko ta kai huhu.