Neman shawara: masu karatu sun tsani tauraruwar littafina

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ina rubuta littafi a kan rayuwar jami'a, ina sakinsa shafi-shafi a WhatsApp, yanzu na cije. Tauraruwar, Rukayya, 'yar manomi ce, ita ce ta farko a gidansu da ta shiga jami'a. Mahaifinta ya sayar da masararsa ya ba ta kuɗin rajistar aji biyu, ita kuma ta sayi babbar waya da leshi don 'yan ɗakinsu su daina yi mata kallon 'yar ƙauye, da niyyar ta mayar in ta kwashi adashe. Adashen ya watse, aka rufe rajista. Daga nan sai bashi, sai kula wani mai mota da ba ta so, a gida kuwa tana cewa komai lafiya.

Masu karatu sun tsane ta. Kullum saƙo: a kore ta, ta yi ciki, ta haukace, ta zama izina. Ni kuwa wallahi tausayinta nake ji, kunya da tsoro ne suka ja ta. Ya zan yi su fahimce ta ba tare da na wanke laifinta ba?

Maman Hanan: Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta shafukan farko. Kin gaya mana ta sayi waya, amma ba ki zaunar da mu a ɗakin ba. Ki nuna ranar da ƙaramar wayarta mai ɗaure da kyauro ta yi ƙara, ɗaki ya yi tsit, wata ta juya bango tana danne dariya. Ki nuna ranar da aka sanar da gwaji a zauren ajinsu na WhatsApp, ita ba ta gani ba, ta zo ta tarar an fito. In mai karatu ya sha wannan tare da ita, lokacin da ta tsaya gaban mai shago tana ƙirga kuɗin babanta hannunta na rawa, zai ce kar ki yi, amma ba zai zage ta ba.

Ɗan Samaru: Hajiya, ki kula da shekarar labarin. Tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND, in kin ajiye shi bayan nan za a tambaye ki me ya hana ta nema. Ni da 2022 zan kai shi. A shekarar, yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ya fara 14 ga Fabrairu, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas tana gida, kowa na yi mata jajen yajin aiki, ita kaɗai ke addu'ar kar a koma. Kuma kar ki kama sunan wata jami'a.

Malam Abu Safwan: Ni ina da ja. Yara mata ƙanana ne ke karanta littattafan nan. In ba ta ga mummunan sakamako ba, me aka koya musu?

Maman Hanan: Malam, ai ba a ce ta tsira ba. Ciki da hauka ne dai muka gaji da su, kowane littafi su ne. Sakamakon Rukayya yana cikin abin da ta shuka: ranar da 'yan ajinsu suka tafi bautar ƙasa, babanta ya tambayi tata takardar. Dattijon da ya gama faɗa a majalisa 'yarsa ta kusa gamawa. Wannan ya fi hauka ciwo.

Malam Abu Safwan: In haka ne na yarda, Hajiya. Amma a bar mata ƙofar tuba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti, zan koma in gina zaman ɗakin nan. Ɗan Samaru, in uban ya zo makarantar da kansa, wa zai fara gani?

Ɗan Samaru: Sashensu za a nuna masa, wurin malamin da ke kula da ajinsu ko jami'in jarrabawa. A nan za a buɗe kwamfuta a ce masa rabonta da rajista tun aji ɗaya. Ki sa ita ma tana tsaye a bakin ƙofa.