Daga wane faifai zan fara sauraron post-punk da new wave?

Autan zaure: Assalamu alaikum, yayyena. Na ji waƙar "Blue Monday" ta ƙungiyar New Order, wadda ta fito a 1983, kuma amonta ya ƙi barin kunnena. Ina neman shawararku kan inda zan fara, domin har yanzu ban gane abin da ya raba post-punk da new wave ba.

Mai tara faifai: Wa alaikumus salam, ƙanena. Tushensu ɗaya ne, wato kiɗan punk na wajajen 1976, sai dai new wave ya fi karkata ga rediyo da filin rawa, post-punk kuwa ya fi son gwaji da nauyin zance. Tunda ta New Order ka shigo, koma baya ka saurari faifan Unknown Pleasures na ƙungiyar Joy Division, wanda kamfanin Factory na birnin Manchesta ya fitar a 1979, domin mutum uku daga cikinsu ne suka kafa New Order bayan rasuwar mawaƙinsu Ian Curtis a watan Mayun 1980. Ka sa abin sauraro a kunne, ka bi jitar bas ta Peter Hook, za ka tarar ita ce ke ɗauke da karin waƙar maimakon ta ɓuya a ƙasa, yayin da mai tsara sautin, Martin Hannett, ya bar sarari tsakanin bugun ganguna har ka ji kamar a fankon masana'anta aka naɗi faifan.

Malamar makaranta: Yaya, ban ƙi ta taka ba, amma wannan faifai yana da nauyi a zuci ga sabon shiga. Ni da Remain in Light na Talking Heads zan fara, na 1980, wanda suka yi tare da mai tsara sauti Brian Eno bayan sun daɗe suna sauraron Fela Kuti. Kunnen da ya saba da Afrobeat zai gane tsarin nan take: kowane kayan kiɗa yana maimaita ɗan guntun karinsa, ana jera su bisa juna, ga amshi yana karɓar jagora. Angélique Kidjo ta Jamhuriyar Benin ta sake rera faifan gaba ɗaya a 2018, kuma yana da kyau a saurari biyun a jere.

Mai tara faifai: Gaskiyarki, Malama. Idan bas ɗin ya kama shi, sai ya ƙara da Metal Box na Public Image Ltd da Cut na The Slits, dukansu na 1979, domin a nan ne tasirin reggae na Jamaika da reshensa dub, mai fifita bas da ganga, ya fito fili.

Tsohon ma'aikacin rediyo: Kada a manta da yanayin da aka yi waƙoƙin a cikinsa. "Ghost Town" ta The Specials ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a watan Yulin 1981, daidai lokacin da rashin aikin yi ya yi tsanani kuma tarzoma ta ɓarke a biranen Ingila a zamanin Firaminista Margaret Thatcher. A watan Agustan shekarar ne kuma tashar talabijin ta MTV, mai nuna bidiyon waƙoƙi, ta buɗe a Amurka, daga nan aski da sutura suka soma sayar da waƙa kusan daidai da murya. Don ɓangaren rawa, ɗana, nemi Parallel Lines na Blondie, na 1978.

Autan zaure: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan fara da shawarar Malama, sannan in koma ga Joy Division. Baba, a cikin faifan The Cure da na Siouxsie and the Banshees, wanne ya kamata ya biyo baya?