Wata huɗu da sa mini zoben rage ƙiba, abinci na maƙale mini a ƙirji

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Admin don Allah a ɓoye sunana, akwai dangin maigidana a zauren nan.

Shekaruna 38, yarana huɗu. Wata huɗu ke nan da aka yi mini aikin rage ƙiba a Alƙahira, irin wanda ake ɗaura zoben roba a saman tumbi, ba wanda ake yankewa ba. Kafin aikin nauyina kilo 121 ne, ga suga, ga ciwon gwiwa da ya sa sai a kujera nake sallah. Likitan ya zana mini a takarda: zoben yana ɗaure saman tumbin ya zama 'yar jaka da ba ta kai ƙwan kaza ba, sannan akwai wani abu kamar maɓalli da aka binne a ƙarƙashin fatar cikina, ta nan ake sa allura a ƙara ruwan gishiri zoben ya matse, ko a zuƙe ya saki.

Da farko lafiya lau. Sati biyu ina kan ruwa-ruwa, sati biyu ina cin abin da aka markaɗe kamar na yaye. Da na cika wata biyu na koma aka ƙara ruwan. Likitan ya ce tunda nesa nake zai sa da ɗan dama, kada in yi ta zarya. Daga nan komai ya canza.

Juma'ar da ta wuce muna gidan surukata aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe. Loma biyu na yi. Ta biyun na ji ta tsaya cak a tsakiyar ƙirjina kamar an ɗora dutse, yawu mai yauƙi ya cika mini baki, idona ya kawo ruwa. Na tashi na shiga banɗaki, lomar ta dawo yadda ta shiga. Da na fito Hajiya ta dube ni ta ce, "Ko girkin gidan nan ne bai yi miki ba?" Wallahi maganar ta fi ciwon ƙirjin yi mini zafi. Ba ta san da aikin ba, ce mata muka yi duba suga muka je.

Yanzu na koma kunun gyaɗa, fura da nono, da shayi mai kauri, su ne kawai ke wucewa ba faɗa. Nauyina ya tsaya a 112 sati biyar ke nan. Ga ƙwannafi, kuma kwana uku a jere tari ne ke tashina cikin dare, in ji wani ruwa mai tsami a maƙogwaro.

Waɗanda aka yi wa, haka abin yake dama? Me kuke ci? Ga azumi na matsowa. Kuma in faɗa wa Hajiya ko in ci gaba da shiru?

Maman 'yan biyu:

Ayya sannu 'yar uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ƙwannafin ki riƙa jiƙa 'yar kanwa kina sha. In abincin ya tsaya kuma ki bi shi da lemun kwalba mai gas, zai tura shi.

Hajiya daga Ingila:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekarata bakwai da zoben nan a jikina, don haka zauna ki ji.

Maman 'yan biyu, na san alheri kike nufi, amma lemun gas yana cikin abubuwan farko da ake hana mu. Iskar tana kumbura 'yar jakar, azabar ta ninku. In abu ya maƙale, ko ruwan sanyi aka ɗora masa dawowa zai yi. Tashi ake yi a ɗan zagaya, a tofar da yawun, a jira. Ko ya wuce ko ya fito. Ranar kuma sai a koma ruwa-ruwa har washegari, saboda wurin ya kumbura.

Ƙanwata, ga abin da babu likitan da ya faɗa mini, don su ba su san tuwo ba. Mu tun muna yara ba a koya mana tauna tuwo ba. A yanko loma, a mulmula, a dangwala miya, a haɗiye. Miyar kuka da kuɓewa ma aikinsu ke nan, su zame da ita. To wannan lomar da kika saba haɗiyewa shekara talatin da takwas, yanzu ƙofar da za ta bi ba ta kai faɗin yatsanki ba. Dole ta toshe. Ni sai da na yi wata shida ina kuka kafin na gane hannuna ne ke cutata. Na daina cin tuwo da hannu, na koma ƙaramin cokalin shayi. Abin da zan sa a baki bai wuce girman ƙwayar gyaɗa biyu ba, in tauna shi sau ashirin har ya zama kamar kunu, in haɗiye, in ajiye cokalin, in ɗan jira kafin in sake ɗauka. In minti ashirin ya cika na tashi, ko saura nawa ne a farantin. Farantin ma na yara nake ɗauka. Kuma ba na haɗa tire da kowa, don in kina ci da mutane hannunki saurin nasu yake bi ba ki sani ba.

Ruwa: ba na sha da abinci. Rabin awa kafin, rabin awa bayan. Sauran wunin ina kurɓa kaɗan-kaɗan har in sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu.

Abin da ya fi damuna a maganarki shi ne kunu da fura. Zoben nan abin taunawa kaɗai yake tarewa. Duk abin da ake kurɓa zarcewa yake kamar babu komai a wurin. Kofin kunun gyaɗa da suga, fura da suga, shayi da madarar gwangwani, ki haɗa su a wuni, sun kai tuwon da kika bari ko sun fi, kuma bayan awa ɗaya yunwa ta dawo. Ga ki da ciwon suga. Shi ya sa sikeli ya tsaya. Ba laifinki ba ne, duk wadda zobenta ya matse da yawa nan take gudu.

Abin da ni ke zauna mini: farfesun kifi, dafaffen ƙwai da bai yi tauri ba, alale, awara dafaffiya a miya, wake da ya nuna luguf, naman da aka niƙa, kindirmo ba suga, kabewa. Kullum da nama ko kifin nake farawa, sannan ganye, tuwo ko shinkafa su zo ƙarshe in da sauran wuri. Waɗanda har yau nake tsoro: burodi mai laushi, gurasa, ɗanwake, tsire, kilishi, balangu, mangwaro mai zare. Da safe kuma zoben ya fi matsewa, haka in ina al'ada. Sai na sha ruwan ɗumi tukuna, karin kumallo ya kai ƙarfe goma.

Kada sikeli ya tayar miki da hankali. Wannan aikin a hankali yake ragewa, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati, a kan shekara biyu zuwa uku.

Sista mai aikin jinya:

Duk abin da Hajiya ta faɗa gaskiya ne, amma ni tarin daren nan ne ya tsaya mini a rai. 'Yar uwa, wannan ya wuce maganar gyara cin abinci. Ƙwannafi, tari cikin barci, ruwa mai tsami yana hawowa, abinci mai laushi ma ya ƙi wucewa, duk bayan an ƙara ruwa, alamun zoben ya matse fiye da ƙima ne. Abin da ke hawowa kina barci yana iya shiga huhu. Yawan aman kuma yana iya sa tumbin ya zamo ta cikin zoben, jakar ta buɗe, daga nan sai a koma ɗakin tiyata.

Ki kira likitan da ya yi miki aikin yau, ki faɗa masa kalma-kalma yadda kika rubuta mana. Ki tambaye shi sunan zoben, mil (wato mililita) nawa na ruwa yake ci, mil nawa ya sa, ya turo miki a rubuce. Ki ɗauki takardar ki je sashen tiyata na asibitin koyarwa mafi kusa da ke, ki nemi likitan da ya san aikin rage ƙiba. Wataƙila su yi miki hoton da ake shan farin ruwa ana kallon yadda yake wucewa. Rage ruwan aikin mintoci ne, sai dai da allurarsa ta musamman da ba ta fasa robar maɓallin. Kada ki bari kowa ya tsira miki allurar da aka saba a kemis ko a gida.

In kika wayi gari ko ruwa ba ya zama, ko yawunki kin kasa haɗiyewa, ko ciwon ciki mai tsanani, ko zazzaɓi da ja da kumburi a wurin maɓallin, wannan na gaggawa ne, ba a jiran safiya.

Kafin ki samu ganinsu: kada ki ci komai awa uku kafin kwanciya, ki ɗaga kan gadonki. Kina shan ƙwayar bitamin kullum? In ba kya sha ki fara, irin wadda ake taunawa ko ta ruwa. Mai yawan amai na tsawon makonni bitamin B1 ɗinta na iya ƙarewa, shi kuma rashinsa jijiya da ƙwaƙwalwa yake taɓawa, ki faɗa wa likita ya duba wannan. Ibuprofen da diclofenac da kike sha don gwiwa, in kina sha, ki ajiye su sai kin tambaya, suna cin bangon tumbi. Maganin sugarki ma yana son a sake duba shi tunda cinki ya ragu. Kanwa kuma a'a.

Maman 'yan biyu:

To Alhamdulillah da na yi magana aka gyara mini. Ki yafe ni 'yar uwa, ki bi ta Sista.

Anti daga Kaduna:

Ni maganar suruka zan yi. Ki faɗa mata. Abin da kike ɓoyewa shi ke jawo zargi: yau a ce girki kika raina, gobe a ce ciki ne, jibi a ce asiri aka yi miki, a fara kawo rubutu da hayaƙi. Amma ba ke za ki faɗa ba, ɗanta ne zai zauna da ita su biyu ya ce, "Hajiya, likita ya yi mata aiki a ciki saboda suga, yanzu ba ta iya cin fiye da cokali kaɗan." Iyakar nan. Uwa in ta ji daga bakin ɗanta, tausayi ne zai biyo baya.

Wata 'yar uwa daga Maraɗi:

Anti ki yi haƙuri, ban yarda ba. Ba kowace suruka ba ce. Akwai gidan da yau in aka faɗa, gobe duk dangi sun ji an kashe kuɗin ɗansu a kan kwalliya. Ita ta san gidan da take. In ta san maganar za ta zaga, "likita ya sa mini dokar abinci saboda suga" ya isa, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Anti daga Kaduna:

Haka ne, ita ta san su. Amma ko wanne ta zaɓa, mijin ne zai tsaya a gaba. Bai kamata ana yi mata gori a gabansa yana shiru ba.

Malama mai Islamiyya:

Batun azumi, Allah ya riga ya yi sauƙi. A Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, an yi wa marar lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki. Likita ne zai ce kin isa ko ba ki isa ba, sai ki haɗa da tambayar malamin da kika amince da shi. Kada kunyar idon mutane ta sa ki ɗauki abin da zai kwantar da ke.

Hajiya daga Ingila:

Ni shekarar farko ban yi ba, likitana ya hana, na rama daga baya. Wahalar ba yunwa ba ce. Mai zobe ba ta iya ɗaga kofi ta shanye, to yaushe za ta kurɓi lita biyu tsakanin magariba da asuba, ga abinci da ba a haɗa shi da ruwa? Sannan buɗa-baki shi ne lokacin da mutum ya fi gaggawa. Yanzu da nake yi, ruwan ɗumi nake fara sha, dabino ɗaya in ɓare ɓawon in tauna shi sosai, in yi sallah, sannan in zauna da kifina. Ƙosai da dankali soyayye na bar wa yara.

Wadda aka cire wa nata:

Ba don in tsorata ki ba. Nawa shekara huɗu ya yi aka cire, kuma irin alamunki na yi ta dannewa kusan shekara, ina jin daɗi wai amai na sa ina ramewa. Har ya zame. Likitan da ya cire ya ce yanzu an rage sa zoben sosai, an fi yin na yanke tumbi, dalili kuwa shi zobe sai da bibiya, a ƙara a rage har a dace. Mu da ake yi mana a waje mu dawo gida, nan muke faɗawa. Ki samu likita a ƙasar nan da zai riƙe ki, ko da zuwa wani gari ne.

Mai neman shawara:

'Yan uwa na dawo, kwana tara ke nan. Allah ya saka da alheri, musamman Sista da Hajiya.

A daren na nuna wa Abban yara saƙonninku. Washegari muka samu likitan a waya, ya turo takardar: zoben mai cin mil 10 ne, ya sa 6. Mun sha yawo kafin aka haɗa mu da wani likitan tiyata, sai da muka yi tafiyar awa uku. An yi hoton, Alhamdulillah bai zame ba. Ya zuƙe mil ɗaya da rabi, ya ba ni ruwa a kofi ya ce in sha a gabansa. Na ji ya wuce har ƙasa, sai hawaye. Ya ce kwana biyu ruwa-ruwa, kwana biyu mai laushi, in dawo bayan sati huɗu. Azumin bana ya ce in bari.

Tarin ya tsaya tun daren farko. Jiya na ci rabin alale da ɗan kifi da cokalin autana, agogo a gabana, minti goma sha takwas, babu abin da ya dawo. Kunun na rage zuwa rabin kofi ba suga.

Hajiya surukata kuma ɗanta ya faɗa mata ranar Lahadi. Ta yi faɗa a kan ɓoyewar, sosai ma. Yau da hantsi sai ga yaro da 'yar kula, farfesun tarwaɗa, an cire ƙayar tas.

Anti Hajiya ta Ingila, tambaya ɗaya: gashina ya fara zuba in na taje. Ke ma ya yi miki haka?