Neman Haske kan Ma'aunin Taimako a Sashen GG na MDS

Assalamu alaikum. Ina aikin taimaka wa ma'aikatan jinya a wani gidan kula da tsofaffi a Amurka, inda doka ta tanadi cewa mai kula da majinyaci kullum ya kasance cikin tawagar da ke tsara shirin kulawarsa, tare da likita, da ma'aikaciyar jinya, da wakilin sashen abinci.

Matsalata tana kan takardar MDS (Minimum Data Set), wato takardar tantance lafiyar mazauna gidajen kula da tsofaffi, musamman Sashen GG da ke auna yawan taimakon da mutum ke buƙata wajen kula da kansa da motsi, wanda ya maye gurbin Sashen G a watan Oktoba na 2023. Na fahimci cewa lamba 03 tana nufin mai taimako ya yi ƙasa da rabin aikin, 02 kuma fiye da rabi, yayin da 01 ke nufin ya yi aikin duka ko an buƙaci mutum biyu. Sai dai akwai wata dattijuwa da nake kula da ita wadda da safe take tashi daga gado da ɗan tallafi kaɗan, amma da yamma, idan gajiya ta kama ta, kusan ni nake ɗaukar nauyinta gaba ɗaya. Mai gashin ƙashi yana ganinta ne da safe kawai, shi ya sa rahotonsa yake saɓa wa nawa a wajen taro, kuma a ganina nasa bai nuna halin da take ciki ba.

Tunda ana neman abin da ta saba yi cikin kwana 3 na tantancewa, ta yaya zan rubuta bayanina domin tawagar ta yi la'akari da yammacin? Shin ya dace in riƙa rubuta lokaci da irin tallafin a kowane tashi? Ina roƙon masu ƙwarewa su taimaka mini.