Jini ya dawo wa Inna bayan shekara shida da ɗaukewar al'ada

Ƴar Garwa: Salamu alaikum ƴan uwa. Innarmu shekararta 57, al'ada ta ɗauke mata shekara shida ke nan. Yanzu wata biyu tana ganin ɗigon jini, wani lokacin ruwa-ruwa mai wari. Ba ta gaya wa kowa ba, da na je ƙauye ina mata wanki na gani a zanenta. Yayanmu ya ce a bari kuɗin auduga su fito. In kawo ta nan Garwa ta Kamaru da ɗan abin hannuna, ko mu jira?

Maman Biyu: Sanyi ne. Ta dafa bagaruwa ta riƙa zama a ciki. Ni ma tun da na yaye, al'adata ke mini wasa.

Ungozomar Marwa: Maman Biyu, naki daban. Jinin da ya zo bayan al'ada ta shekara da ɗaukewa ba haila ba ne. Sau da yawa bushewar gaba ce ta girma, ko ɗan tsiro a mahaifa. Amma sankarar bakin mahaifa da ta cikin mahaifa ma haka suke somawa, ba zafi. A duba bakin mahaifar, a yi eko, wato hoton ciki, in da shakka a ɗebi ɗan nama a gwada. Kada ku jira auduga.

Hajiyar Kusiri: Ƴata, saurare ni. Yayata duk sanda ta kwana da mijinta sai jini. Aka ce kishiya ce. Shekara guda ana hayaƙi da rubutu. Sau uku ta je wani ƙaramin asibiti, ana rubuta mata maganin matsi, ko zane ba a ce ta ɗaga ba. Da wari ya tsananta, kasko biyu na turaren wuta muke kunnawa a ɗakinta don kada baƙi su gane, ita kuwa ta juya fuska bango. Muka sayar da shanu biyu, muka hau jirgin ƙasa daga Gaundare zuwa Yawunde, tana kwance a cinyata har gari ya waye. Likita ya ce mun makara. Wata huɗu ta ƙara. Autarta a hannuna take.

Maman Biyu: Allah ya jiƙanta, Hajiya.

Amaryar Gida: Eko sefa dubu biyar na biya bara.

Ƴar Gidar: A ina? Ni dubu goma, ban da kati.

Amaryar Gida: To ta yanki cek sante mana, katin nan na rangwamen kuɗin asibiti, dubu shida an gama.

Ungozomar Marwa: Wannan na masu ciki ne da jego.

Baban Yara: Wa ya sani, ko Inna ƙani za ta yi muku 😄 Amma malaminmu ya ce irin wannan jinin ciwo ne, ta yi alwala ta yi sallarta.

Hajiyar Kusiri: Malam ya amsa maganar salla, bai leƙa mahaifa ba. Kai kuma me ya kawo ka zancen mata?

Baban Yara: Mu ke biyan kuɗin, Hajiya.

Ungozomar Marwa: Ku ne kuka hana ƴaƴanku rigakafin ƙwayar cutar HPV da aka fara wa ƴan mata masu shekara 9 a nan Kamaru a 2020, wai na hana haihuwa ne. Ƙwayar nan ita ke kawo sankarar bakin mahaifa.

Ƴar Gidar: Anti, ku ma ku gyara. Ranar da zan haihu wata ungozoma ta daka mini tsawa gaban mutane, wai da nake jin daɗi na kira ta? Ban sake komawa awo ba.

Ƴar Garwa: Na kira yaya, ya yi shiru. Inna kuma ta rantse namiji ba zai ga jikinta ba. Akwai inda mace ke dubawa a Garwa?

Maman Biyu: Ƴar Gidar, ni marina aka yi a cinya ina naƙuda.