Sake fentin wili da injin babur a gida

Mai Boxer daga Zariya:
Assalamu alaikum. Fentin wilin babur ɗina ya fara ɓarewa, murfin injin kuma ya dushe, don haka ina so in sake musu fenti a gida da fentin gwangwani na fesawa. Shin iri ɗaya zai wadatar da wili da inji da salansa, kuma wane shiri ake yi tukuna?

Makaniki daga Kano:
Wa alaikumus salam, Malam. Yawancin fentin da ke ɓarewa da wuri maiƙo ne ya hana shi kamawa. Ka kwance wilin, ka cire taya, ka wanke shi da kananzir sannan da ruwan omo, ka bari ya bushe sarai kafin ka goge tsohon fentin da samfefa mai lamba 400. Idan wilin na goran ruwa ne, wajibi ne ka fara da firaima, wato fentin shimfiɗar farko, wadda aka yi domin goran ruwa, domin fenti ba ya riƙe wannan ƙarfen shi kaɗai. Ka rufe boris da cikin gangar birki da takarda da salatif. Fenti a wurin da birki ke gugawa haɗari ne. Ka fesa kaɗan-kaɗan sau uku, daga nisan kusan santimita 25, kana barin kowanne ya sha iska.

Mai fenti daga Maraɗi:
Iri ɗaya ba zai isa ba, ɗan'uwa. Fentin wili zai ƙone a kan silinda, bututun salansa kuwa, wanda zafinsa kan haura digiri 400 na ma'aunin Celsius kusa da inji, sai wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa yana jure digiri 600 na Celsius. Irin wannan fentin ba ya gama ƙarfi sai ya ji zafi, saboda haka bayan ya bushe ka tayar da injin na ɗan lokaci, ka kashe ya huce, ka maimaita. Kada ka cika shi a tsakanin haƙarƙarin silinda, domin ta nan injin ke fitar da zafi.

Ɗan acaɓa daga Gusau:
Malam, ka guji ranar da ƙurar hunturu ta taso, kada ka fesa a rufaffen ɗaki, kuma kada ka fesa ba takunkumi. Fetur yana narkar da fentin gwangwani na yau da kullum, don haka idan kafireta tana ɗiga a kan murfin injin, ka gyara ta kafin ka fara.