Likitoci biyu, kowa da hanyar huda ƙashinsa, wanne zan bi?

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Bayan babbar sallah naji ciwo a gwiwa wajen ƙwallo a filin unguwarmu, ba wanda ya taɓa ni ma, juyawa kawai nayi naji ƙas, kafin dare ta kumbura, kawuna ya kai ni wajen mai ɗori yace targaɗe ne aka yi ta shafa magani, amma har yanzu in ina sauka daga bene sai ta goce. Hoton MRI ya nuna jijiyar ACL, wato jijiyar da ke cikin gwiwa mai riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri, ta tsinke. Likitan farko yace zai ciro jijiya daga bayan cinyata don maye gurbin wadda ta tsinke, ya huda ƙashin ƙwauri, ta cikin ramin nan zai wuce ya huda ƙashin cinya. Na biyu yace shi ta wata 'yar kafa daban a gaban gwiwa yake huda na cinya. Na biyun yafi tsada kuma bikina ya matso.

Ɗan tiyata: Malam je wajen na biyu kawai. In aka bi ta ramin ƙwauri, shi ramin ne ke tilasta inda za a huda a cinya, sau da yawa sabuwar jijiyar sai ta tsaya a miƙe, ta hana gwiwa zamewa gaba amma wajen juyi ba ta riƙewa sosai. Ta ɗayar kafar kuwa ana lanƙwasa gwiwa kamar digiri 120 a huda daidai mazaunin jijiyar ta asali. Kai da kake son komawa fili ai ba wata magana.

Maman biyu: Ƙanena an yi masa aikin nan lafiya lau, gashin ƙashi ne ya gagara, kuɗin mota kullum, ga layi, ya daina zuwa yanzu ƙafar ba ta miƙewa duka. Ba wanda ya faɗa mana haka kafin aiki wallahi.

Baffa: Ɗana, kuna ta zancen huda, guringuntsin fa? Me hoton yace a kansa? In ba ƙwallo ce sana'arka ba wasu da motsa jiki kaɗai suke zaune.

Mai tambaya: Baffa ban riƙe abin da yace kan guringuntsi ba. Amma likitan farko fa ya daɗe yana yi, kuma shi ne ya zauna ya zana min komai a takarda.

Ɗan tiyata: Daɗewa daban, inda rami ya faɗa daban.

Wani ɗan Fagge: Ɗan tiyata, ita ma taka hanyar ramin cinya gajere yake fitowa, in hannu bai saba ba bangon bayan ƙashin yana iya fashewa. Akwai masu gyara kusurwar ta ƙwauri su samu wuri mai kyau. Mai tambaya, ka kai hoton asibitin ƙashi na Dala kaji ta bakin likita na uku. Kuma ko ta ina aka huda, kar ka sa ran ƙwallo kafin wata 9.

Ɗan tiyata: Na uku zai ƙara rikita shi ne kawai.

Mai tambaya: Na riga na ba na farko rabin kuɗi fa. Wai in ance a bari sai bayan biki akwai matsala?